Sankarar huhu da ta hau ƙwaƙwalwa: Maganin ƙara wa gashi kaifi da doguwar hanyar majinyacin Potiskum

Potiskum gari ne da ya ginu a kan hanya. Titin da ya taso daga Kano ta Azare da wanda ya fito daga Bauchi a nan suke haɗuwa kafin su miƙe zuwa Damaturu da Maiduguri, kuma daga kasuwar shanunsa, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, tireloli ke lodin dabbobi zuwa kudancin ƙasar kowane mako. Mutanen garin sun san nisa, sun san kuɗin mota. Sai dai akwai tafiyar da ba wanda ke yin ta da son ransa, wato kai majinyaci wurin na'urar gashin cutar daji, wadda sai an bar Jihar Yobe kafin a same ta.

Iyalan da suka kai wannan mataki, musamman waɗanda aka shaida wa cewa sankarar huhu ta hau ƙwaƙwalwar ɗan'uwansu, sukan zo wa likita da wata tambaya. Wani ɗa ko ƙane mai ilimin boko ya duba intanet a wayarsa, ya ga ana zancen magungunan da ke ƙara wa gashi kaifi, sai ya nemi sanin ko za a same su a saya, ko da daga Indiya ko Masar ne. Tambayar tana da ma'ana, tana kuma da dogon tarihi. Masana sun shafe fiye da shekara 50 suna neman irin wannan magani, an gwada iri-iri a kan dubban majinyata. Abin da aka gano game da sankarar huhu da ta bazu zuwa ƙwaƙwalwa ba shi da daɗin ji, amma saninsa na iya hana iyali sayar da gona ko garke a kan abin da ba zai amfane su ba.

Daga tari zuwa ciwon kai

Sankarar huhu ita ce ta fi kowace sankara kisa a duniya. Ƙididdigar hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 mutum kusan miliyan 2.5 suka kamu da ita, kimanin miliyan 1.8 kuma suka rasu. Ita ce kuma ta fi kowace aika 'ya'yanta zuwa ƙwaƙwalwa, kuma dalilin a fili yake. Jinin da ya fito daga huhu zuciya yake komawa, daga nan a harba shi kai tsaye zuwa sassan jiki, ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin masu kaso mafi tsoka. Ƙwayar cutar da ta ɓalle daga ƙarin huhu ba ta da wani shinge a gabanta sai ta isa can.

Idan ta zauna ta fara girma, alamun sukan zo da ciwon kai mai tsanani da sassafe, amai ba gaira ba dalili, jijjiga irin ta farfaɗiya ga mutumin da bai taɓa yi ba, mutuwar hannu ko ƙafa, ko kuma sauyin hali da rikicewar magana. A Potiskum, kamar a sauran garuruwan Arewa, kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da fassarar da ta riga ta samu gindin zama: hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, iska, sammu.

Tun kafin nan ma an riga an yi asarar lokaci. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, saboda haka duk ma'aikacin lafiyar da ya ga mutum yana tari, yana ramewa, yana tofar da jini, tarin fuka zai fara kawowa a ransa, kuma galibi daidai ya yi. Maganin kyauta ne, ana shan sa wata shida. Matsalar tana ga mutumin da gwajin majinarsa bai nuna ƙwayar cutar ba, aka ɗora shi a kan maganin bisa hoton ƙirji kawai, ya shafe watanni bai ji sauƙi ba. A cikin irin waɗannan ne ake tsintar masu sankarar huhu, sau da yawa bayan ta riga ta yi nisa. Har a ƙwaƙwalwa ruɗanin bai ƙare ba, domin tarin fuka shi ma yana iya yin dunƙule a can wanda zai yi kama da sankara a hoton CT. Abin da ke raba gardama shi ne a ɗebo ɗan nama daga ƙarin a duba shi a ɗakin gwaji.

Ba masu shan taba kaɗai abin ya shafa ba, ko da yake taba ce babbar sila. Hayaƙin itace a madafar da ba ta da taga yana da nasa kason, kuma tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya hayaƙin man dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu. Wannan ba ƙaramin batu ba ne ga garin da direbobin tirela da kanikawa da 'yan kamasho ke wuni a cikin hayaƙin injin.

Abin da ake kira gashi

Kalmar gashi tana tsorata mutane, har wasu kan ɗauka wuta za a sa musu. Babu wuta, babu zafi a lokacin da ake yi. Majinyaci yana kwanciya ne a kan gado, a rufe fuskarsa da wani abin riƙe kai da aka gina daidai da ita don kada ya motsa, na'ura ta harba wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi amma ya ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Hasken yana tsinka zaren gado da ke cikin ƙwayoyin cutar, su kasa hayayyafa, su mutu. Idan ƙarin ya yi yawa a ƙwaƙwalwa, akan haska kan gaba ɗaya, galibi sau goma cikin mako biyu, ko sau biyar cikin mako guda. Idan kuwa 'yan kaɗan ne ƙanana, akwai hanyar saita hasken a kan kowane ƙari shi kaɗai, dabarar da likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwidin Lars Leksell ya assasa.

Iyakar gashi ita ce ƙwaƙwalwar da ke kewaye da ƙarin. Ba za a yi ta ƙara ƙarfin haske ba tare da an cutar da lafiyayyen nama ba. Daga nan tunanin ya samo asali: a nemo maganin da zai shiga ƙarin ya raunana shi, yadda hasken da aka saba bayarwa zai yi ɓarnar da ta ninka a kansa, lafiyayyen nama kuma ya tsira.

Abin sha'awa, a kan sankarar huhu aka fara fahimtar matsalar. A 1955 wasu masana biyu a Birtaniya, Hugh Thomlinson da Louis Harold Gray, wanda ma'aunin ƙarfin gashi ke ɗauke da sunansa a yau, suka duba yankakken naman sankarar huhu ta madubin ƙara girma. Sun lura cewa ƙwayoyin cutar suna rayuwa ne a ɗan siririn zobe kusa da jijiyar jini, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, bayansa kuma sai mataccen nama. A tsakanin rayayyu da matattu akwai waɗanda ke raye da ƙyar cikin ƙarancin iskar oksijin. Su ne masu taurin kai. Oksijin ce ke tabbatar da ɓarnar da haske ya yi wa zaren gado ta yadda ba za ta gyaru ba, kuma ƙwayar da ba ta da shi tana iya jure haske kusan ninki uku. Bayan an gama gashi, irin waɗannan ne ke farfaɗowa su sake tayar da ƙarin.

Flagyl, kulorokwin da sauran da aka gwada

Maganin farko da ya ba da fata kowane mai kemis a Potiskum yana da shi a kan kanta. Flagyl ne, wanda ake sha don ciwon ciki da gudawa. An gano cewa sinadarinsa yana iya kwaikwayon aikin oksijin a cikin ƙwayar da ta rasa shi, kuma a 1976 wani ƙaramin gwaji da Raul Urtasun ya jagoranta a Kanada, a kan masu sankarar da ta tsiro a ƙwaƙwalwa, ya nuna ɗan alfanu. Amma adadin da ake buƙata ya ninka wanda ake sha don ciwon ciki sau da yawa, har jiki ba ya ɗauka. Aka ƙera ɗan'uwansa mai suna misonidazol, wanda ya fi shi ƙarfi. Da aka gwada shi a Amurka a kan masu sankarar da ta bazu zuwa ƙwaƙwalwa bai ƙara musu kwana ba, kuma an san shi da lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Wanda ya fi kowanne kusantar nasara shi ne Xcytrin, na kamfanin Pharmacyclics da ke Amurka, wanda ke taruwa a cikin ƙari fiye da lafiyayyen nama. Gwajin farko a kan mutum 401, wanda aka wallafa a 2003, bai nuna amfani ga kowa da kowa ba, amma an hango alamar cewa masu sankarar huhu sun daɗe kafin ƙwaƙwalwarsu ta sake taɓarɓarewa. Sai aka shirya gwaji na biyu a kan masu sankarar huhu zalla, mutum 554. Bambancin da aka samu bai kai matakin da masana za su amince da shi ba, kuma a watan Disamban 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi ba shi lasisi. Akwai wani abu guda a cikin wannan gwaji da ya kamata mai karatu a Yobe ya riƙe: ɗan alfanun da aka gani ya fito ne a wurin waɗanda aka fara yi wa gashi da wuri bayan an gano cutar. Inda aka yi jinkiri, ko alamarsa babu.

Efaproxiral, wanda aka ƙera don ya sa jini ya saki oksijin da yawa a cikin ƙari, shi ma ya faɗi a manyan gwaje-gwaje biyu. Veliparib, mai hana ƙwayar cuta gyara zaren gadonta, an gwada shi a kan masu sankarar huhu 307, bai sauya komai ba.

Mafi tayar da hankali shi ne gwajin da aka wallafa a 2013 a Amurka, a kan majinyata 126 masu ƙari ɗaya zuwa uku a ƙwaƙwalwa. An kasa su uku. Waɗanda aka yi wa gashi kawai, rabinsu sun wuce wata 13. Waɗanda aka haɗa musu da temozolomid ko erlotinib, rabinsu ba su wuce wata shida da 'yan kwanaki ba. Yawan mutanen bai isa a yanke hukuncin cewa magungunan ne suka rage musu kwana ba, amma babu tababa kan illa: munanan matsaloli sun tashi daga kashi 11 cikin ɗari zuwa fiye da kashi 40.

Kulorokwin ma, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, ya shiga sahu. Wani ƙaramin gwaji a Meksiko a kan mutum 73, da aka wallafa a 2013, ya nuna cewa ƙarin ƙwaƙwalwa ya ɗan daɗe bai dawo ba a wurin masu shan sa, amma tsawon rayuwarsu bai ƙaru ba. Wannan ne wurin da hatsari yake ga garuruwa irin Potiskum, inda Flagyl da kulorokwin ke samuwa ba tare da takardar likita ba. Wanda ya karanta rabin labari a waya yana iya ɗura wa majinyaci su da kyakkyawar niyya. Ba su da wani tasiri a kan sankara su kaɗai, yawan Flagyl yana taɓa jijiyoyi har ya tayar da jijjiga, yawan kulorokwin kuma yana iya tsayar da zuciya.

Bai kamata a ɗauka cewa dabarar baki ɗayanta banza ce ba. Tun 1999 haɗa sisfilatin da gashi ya zama ƙa'ida wajen jinyar sankarar bakin mahaifa, kuma ana yin haka a cibiyoyin Nijeriya. Temozolomid yana ƙara kwana ga masu wata sankara da ke tsirowa a cikin ƙwaƙwalwa ita kanta. Ko a sankarar huhu, muddin ba ta fita daga ƙirji ba, haɗa kemo da gashi ya fi gashi shi kaɗai. A kan wadda ta riga ta hau kai ne abin ya ci tura. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da wani matsattsen shinge da ke hana yawancin magunguna wucewa. Wanda ya wuce kuma yakan raunana lafiyayyen nama tare da ƙarin. Sama da duka, mai irin wannan cuta galibi tana nan a hantarsa ko ƙashinsa ko ɗaya huhun, kuma ko an ci nasara a kai, ta can takan yi ajalinsa. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi wa gwaje-gwajen da aka tara ta kai ga matsaya guda: ba a samu maganin ƙara kaifi da ya ƙara wa waɗannan majinyata tsawon rai ba.

Abin da ya yi aiki ya zo ta wata ƙofa

Ci gaban da aka samu a shekarun baya-bayan nan ya fito ne daga magungunan da ke kai wa ƙwayar cutar hari da kansu. Wani kaso na masu sankarar huhu, musamman mata da waɗanda ba su taɓa shan taba ba, ƙarinsu yana ɗauke da wata tawaya a ƙwayar gado da ake kira EGFR, wasu kuma ALK. Ga na farko akwai Tagrisso, ƙwaya ɗaya a rana, wanda ke ƙetare shingen ƙwaƙwalwa ya motsar da ƙari, har a wasu lokuta likita ya ɗage gashi. Ga na biyu akwai Alecensa. Tsadarsu ta fi ƙarfin mafi yawan iyalai. Tsofaffin 'yan'uwan Tagrisso, erlotinib da gefitinib, sun fi araha, kuma tun 2019 suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ko da yake ba sa shiga ƙwaƙwalwa kamarsa. Dukkansu ba sa aiki sai ga wanda gwajin namansa ya nuna tawayar. Saye ba tare da gwajin ba zubar da kuɗi ne.

A ɓangaren gashi kuwa, hankalin masana ya koma kan kare ƙwaƙwalwa maimakon ƙara wa haske ƙarfi. Memantin, maganin da ake bai wa masu cutar mantuwa, yana rage dusashewar tunani bayan an haska kai gaba ɗaya, haka ma kauce wa sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon abin da aka koya, idan na'urar tana iya yin hakan.

Akwai kuma binciken da ya fi kowanne dacewa da halin da iyalin Potiskum kan samu kansu. A 2016 mujallar Lancet ta wallafa sakamakon gwajin QUARTZ, wanda aka yi a Birtaniya da Ostireliya a kan masu sankarar huhu 538 da cutar ta hau musu kai, waɗanda ba za a iya yi wa tiyata ko gashin saiti ba. Rabi aka ba su deksametason da kulawa ta rage raɗaɗi, rabi aka ƙara musu da gashin kai gaba ɗaya. Matsakaicin abin da suka rayu mako tara da ɗoriya ne ga masu gashi, mako takwas da rabi ga marasa shi. Bambancin 'yan kwanaki ne, ingancin rayuwa kuma kusan ɗaya. Waɗanda ba su kai shekara 60 ba, masu sauran ƙarfi a jika, su ne aka ga alamar sun amfana. Ma'anar wannan ita ce, dattijon da ya riga ya kwanta, ba ya iya tashi da kansa, ba lallai ne jigilarsa ɗaruruwan kilomita ta ƙara masa komai ba sai wahala, kuma iyalin da suka zaɓi jinyarsa a gida bisa shawarar likita ba su yi masa ƙwauro ba. Magidanci mai shekara 45 da ke tafiya da ƙafarsa kuwa, lissafinsa daban ne, kowane mako na jinkiri asara ce a gare shi.

Deksametason ɗin nan sananne ne a kemis, har wasu kan sha shi don neman ƙiba. Yana sace kumburin da ke kewaye da ƙari, cikin kwana ɗaya ko biyu ciwon kai ya lafa, mai magana a harɗe ya dawo daidai. Saboda haka ne ma yake yaudara, a zaci an warke. Yana tayar da sukari, yana ƙwaƙule ciki, ba a yanke shan sa farat ɗaya, kuma idan dunƙulen da ke kan na tarin fuka ne ba sankara ba, shan sa ba tare da maganin tarin ba yana ba cutar damar yaɗuwa.

Ina na'urar take?

Duk wannan muhawara ta magani tana da sharaɗi guda, wato a ce akwai gashin da za a ƙara wa kaifi. Na'urorin da ke aiki a Nijeriya, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, ba su kai yawan jihohinta ba, kuma lalacewa da jiran kayan gyara daga waje tsohon labari ne a kansu. Daga Potiskum, hoton ƙwaƙwalwa da ganin ƙwararre kan fara ne da tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ko kuma a nufi Azare ko Gombe. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, mai nisan fiye da kilomita 200, ya gina cibiyar cutar daji mai na'urorin gashi na zamani, abin da ya zama babban sauƙi ga Arewa maso Gabas, sai ga ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024 ta mamaye asibitin, ta taɓa har da cibiyar. Sauran zaɓin su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, wanda ya daɗe yana ɗauke da nauyin Arewa, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da sabuwar cibiyar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da aka buɗe a 2025.

Asusun da gwamnatin tarayya ta kafa don tallafa wa marasa galihu masu cutar daji, wanda asibitin koyarwa na Gombe ke cikin waɗanda aka fara da su, an tsara shi ne kan sankara uku: ta mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Mai sankarar huhu da aljihunsa da na danginsa yake dogara. Lissafin kuwa bai tsaya ga kuɗin gashi ba. Akwai hoton CT ko MRI, akwai ɗebo nama da gwajinsa, akwai shatar mota ga wanda ba zai iya zaman haya ba, da masauki da abincin mai jinya na aƙalla mako biyu a garin da ba nasu ba, ban da kwanakin jiran layi kafin a auna kai a tsara yadda hasken zai bi.

Likitocin da ke tura irin waɗannan majinyata sukan nanata abubuwa ƙanana da ke ceton makonni. A kira cibiyar a tabbatar na'urarta tana aiki kafin a hau mota. A tafi da faifan hoton kansa, ba takardar bayani kaɗai ba, tare da sakamakon gwajin majina da katin shan maganin tarin fuka idan an sha. A karɓo dunƙulen naman da aka gwada daga ɗakin gwajin farko, domin da shi za a nemi tawayar EGFR ba sai an sake huda ƙirji ba. Mai shan taba ya daina tun kafin a fara, saboda hayaƙinta yana ƙwace wa oksijin gurbi a cikin jini, mai ƙarancin jini kuma a duba shi a gyara. Idan aka fara gashin, ba a tsallake rana don komawa gida biki ko cin kasuwa, sai an cika adadin da aka rubuta.